Daɓen da Baba Ya Zuba

Plovdiv, 4 ga Afrilu

Yaya Lyuben,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Rumyana da yara. Yaya ciwon bayan? Mu nan ƙalau. Baba yana cin abincinsa, yana faɗa da rediyo.

Ka tuna tsohon siton taba na bayan tasha? Wani mai ɗab'i, Rangel, ya kama benen, yana so ya ɗora injin buga littattafai. Tan shida ne, tsaye kan ƙafa huɗu, kowace ba ta fi tafin hannu ba. A ƙasa kuwa teloli ne, mata goma sha ɗaya. Aka kira ni in auna ƙarfin daɓen in sa hannu.

Rangel ya ce, "Haba Injiniya, wurin da ya ɗauki dilolin taba shekara arba'in? Ko giwa aka hau da ita ba zai motsa ba." Na ce masa dila a kwance take, nauyinta a baje, injinsa kuwa da dunduniya huɗu zai soki daɓen.

Zanen ginin na 1968 ne. Ya nuna rodi a kowane santimita goma. Na fasa kankaren wuri uku, na tarar tazarar ashirin da biyar ce. A ƙasan zanen, inda shugaban magina ke shaida an yi aiki daidai, sa hannun Baba ne. Ban gaya masa ba tukuna.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Tsvetana

Plovdiv, 21 ga Afrilu

Yaya Lyuben,

Na sami takardarka, na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi. Yaya jarrabawar ɗanka Kalin? Allah ya ba shi sa'a.

Ka ce kada in tayar wa tsoho hankali. Wasiƙar ta makara, na riga na gaya masa ranar Lahadi muna shan miyar wake. Bai ajiye cokali ba. Ya ce, "Ashirin da biyar a tsakiya. Wajen tagogin gabas talatin ne, can ba ki fasa ba."

Rabin rodin aka aiko musu, in ji shi, aka ce a gama kafin ranar buɗewa. Ya rubuta ƙorafi sau biyu, a na uku aka tambaye shi ko ya gaji da aikin ne. Lokacin Mama tana da cikinka. Ka san yadda yake kai wandunansa gyara wurin telolin nan, alhali Mama tana da keken ɗinki a gida? Ashe daɓen da ke saman kansu yake zuwa dubawa.

Na rubuta rahoto cewa daɓen ba zai ɗauki injin ba. Rangel ya ƙi karɓa. Ya ce ko kuɗin shayi nake nema in faɗi kawai, in ba haka ba akwai injiniyan da zai sa hannu ko matakala bai hau ba. Na san akwai shi. An kuma yi hayar motar ɗaga kaya da za ta hau da injin ranar Juma'a.

Da Baba ya ji, sai ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya ce in kai shi. Minti ashirin ya yi yana hawan benen. Ya dunguri daɓen da sandarsa, ya ce, "Ɗana, ni Stoyko Vulev, ni na zuba wannan. Rabinsa ƙarya ce, ni kuma na yi ta. Ka ɗora injinka, amma ka fara sauka ka ƙirga matan da ke ƙasa, ka tambayi sunayensu."

Rangel ya zagi tsohuwar gwamnati, ya zagi ta yanzu, sannan ya kawo wa Baba kujera.

An yi musaya. Injin ya zauna a ƙasa, teloli sun koma sama da kekunansu. Shugabarsu, Donka, ta ce shekara ashirin tana roƙon haske, sai da aka kusa kashe ta aka ba ta taga.

A hanyar gida Baba ya tambaye ni ko na sa sunansa a rahoton. Na ce takardar ba ta da gurbin suna. Da muka wuce gada sai ya ce, "To me daɓen zai iya ɗauka?" Na ce mutane, tebura, kekunan ɗinki, har wata shekara hamsin.

Ya ce, "Wannan ma ki rubuta."

Na rubuta.

Ki gaishe da yayanki, in ji Baba, ki ce ya daina ɗaga kaya shi kaɗai.

Ƙanwarka,
Tsvetana