Dalmata Ce Ta Ƙona Injin Desi

Gabrovo, watan Satumba

Ƙanwata Nevena,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki? Yaya Boyan da jikoki? Ni da sauƙi, sai rawar hannun nan.

Kin ce na daina ɗaga waya. Kunya ce ta hana ni.

Kin san Desi, 'yar marigayi Kolyo maƙwabcina, mai tseren mota a kan dutse. Tun rasuwar matata ita kaɗai ke ƙwanƙwasa ƙofata, duk Asabar da banitsa mai zafi, wainar nan tamu mai cuku. Bana ta cire kafiretar tsohuwar motarta, ta sayo sabuwar ƙwaƙwalwar inji da nozul huɗu masu fesa fetur. Ta ce, "Kaka, ni da kwamfuta, kai da wayoyi. Duk garin nan wa ya kai ka?" Kaina ya kumbura.

Ta kawo filaya ta matse kan waya, wai dalma na sandarar da waya, girgizar inji ta karya ta. Na ce, "Yarinya, tun ubanki na wasan ƙasa nake narka dalma. A makarantarmu, wanda ya matse waya da filaya, malami kan tsinke aikinsa a gaban aji." Ta yi dariya, ta ce, "To Farfesa, yadda ka ce." Na jefa filayar a durowa. Kowace mahaɗa na liƙe ta da dalma, tana ƙyalli kamar azurfa. Ita ta saita yawan man da kowane nozul zai fesa, inji ya tashi lafiya lau.

Ranar tsere, ana tsakiyar hawa, wayar nozul na uku ta tsage daidai bakin dalmata. Tana haɗuwa tana rabuwa, mai ya gaza, fistan ya ƙone. Da igiya aka jawo motar.

A shagon kofi aka tambaye ta, ta ce ita ta yi kuskure a kwamfuta. Maza suka dinga yi mata ba'a, wai ina mace ina inji. Ina zaune a wurin, Nevena, kofi a hannuna, ban buɗe baki ba.

Tun ranar ba ta leƙo ba.

Yayanki,
Tsvetan

Gabrovo, watan Oktoba

Ƙanwata Nevena,

Ina gaishe ku duka. Wasiƙarki ta iso, faɗanki kuma ya shige ni.

Na ɗauki sandata na koma shagon kofi, na ajiye guntuwar wayar nan da ta tsage a kan tebur, na ce aikina ne, yarinyar ta gargaɗe ni na ƙi ji. Hristo mai faci ya ce, "Ashe Farfesa ma na faɗuwa jarrabawa!" Aka kwashe da dariya. Na tsaya har suka gama.

Jiya Asabar na ji ƙwanƙwasa. Desi ce ta shigo da banitsa da damin sabbin wayoyi, ba ko gaisuwa ta ce, "Kaka, ina filayata?"

Hannuna na rawa, sai ta riƙe mini wayar, ni ina matsewa. Ta farko ta zare, ta biyu ma haka. Ta ukun ta ja iya ƙarfinta, ba ta motsa ba.

Ta bar mini filayar da sauran wayoyin. Ta ce ranar Asabar za ta zo duba aikina, kuma duk wadda ta zare, a gaban aji za ta tsinke ta.

Ki gaida Boyan.

Yayanki mai ƙaunarki,
Tsvetan