Ƙasusuwan da ke Akwatin Auta

Kafin Dafga, Karaye,
23 ga Yuli, 1989.

Zuwa ga 'yata Rabi'atu, Autar Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya aiki, yaya zaman dajin? Ni dai da sauƙi, ƙafar ce har yanzu, sai da sanda nake kaiwa masallaci. Goggo Tani tana kawo mini tuwo kullum, tana gaishe ki.

Auta, ga abin da ya faru. Ran Laraba aka yi ruwa mai ƙarfi, ɗakin marigayiya uwarki ya yi yoyo daidai kan akwatin katakon da kika bari da azumi, wanda kika ce kayan karatu ne kada a taɓa. Na kira maƙwabcinmu Ƙasimu ya matsar da shi. Yana ɗagawa gindin ya zube, ashe gara ta cinye shi.

Ƙasusuwa ne suka zubo. Haƙarƙari, gadon baya, ƙugu, hannu biyu, ƙafa biyu, kamar na yaro ɗan shekara bakwai, kowanne da lamba an rubuta masa da baƙar tawada. Babu kai. Muka zazzage audugar da jaridun da aka naɗe su a ciki, babu kai. Ƙasimu ya fita da baya yana salati. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina kallonsu har aka kira la'asar.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina magatakarda a kotun alƙali. Sau biyu aka kawo mana masu tone kabari su cire kai, da hannuna na rubuta shari'arsu. Ban taɓa zaton zan ga irin kayansu a ɗakin Hajo ba. Kin ce mini birai kike karanta, yadda suke tafiya da yadda suke hawa itace. Mutane suka yi dariya, na tsaya miki. Ɗan wane ne wannan? Wa ya ba ki shi? Ina kansa?

Ga abin da na yi. Na roƙi Ƙasimu ya rufa mana asiri. Na shafe lambobin da jar ƙasa, na je na gaya wa Liman Abdulsalami ruwa ne ya zaizaye wani tsohon kabari a bayan gonata. Ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba tun muna samari. Ya duba, ya ce tunda mafi yawan jiki yana nan, sai a yi masa sutura. Aka yayyafa ruwa, aka sa a likkafani, har da 'yan ƙananan ƙasusuwa masu duhu da muka samu cikin wani gwangwani a akwatin. Mutum goma sha bakwai muka yi masa salla, muka kai shi maƙabarta. Na yi kuka, don ko uwarsa ba ta san inda yake ba.

Ki rubuto mini gaskiya. In hannun miyagun mutane kika faɗa, ki baro komai ki taho gida, ba zan kore ki ba.

Allah ya tsare mini ke.
Mahaifinki,
Halliru.


Kafin Dafga, Karaye,
27 ga Agusta, 1989.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin da kika ambata ya sake ki. Ki riƙa shiga gidan sauro. Gero ya fara kai, mun gode Allah.

Takardarki ta iso shekaranjiya ta hannun wani direban Rogo. Na karanta ta sau huɗu. A karo na farko na yi sujada, don 'yata ba ta taɓa ɗan kowa ba. Ki yafe mini zaton da na yi miki. A karo na biyu ne na gane abin da na aikata.

Biri, Auta. Biri na tara Musulmi suka yi wa salla.

Bari in maimaita abin da kika rubuta, in na yi kuskure ki gyara. Kin ce gwaggon biri ne ƙarami, irin marar wutsiya, ya mutu tun kafin a haife ki, jami'arku ta ba ki aronsa kika sa hannu. Kan yana can jami'ar an ajiye, don aikinki a kan hannu da ƙafa yake. Na cikin gwangwanin kuma kin ce ba ƙashi ba ne, kwafi ne da aka zuba da roba, na ƙasusuwan wani biri da suka zama dutse, aka haƙo su a ƙasar Kenya, shekararsu miliyan goma sha takwas. Na rubuta lambar a takarda na ƙirga sifilinta, har yanzu kaina bai ɗauka ba. Kina gwada wuyan hannun wannan da na wancan, ki gane ko na dā a kan rassa yake tafiya da tafin hannu, ko a ƙasa yake dogara da gaɓoɓin yatsu. Da haka kika yi mini bayani tun farko, da ban sayi likkafani ba. Amma ni ma ban taɓa zama na tambaye ki ba.

Na gane sauran. In ba ki auna su kin mayar kafin ƙarshen Oktoba ba, aikin shekara shida ya tafi, kuma sunanki ya ɓaci a can. Kin ce in tono. Kin rubuta shi a layi ɗaya.

Ƙasimu ya ce mu tono a ɓoye, ba wanda zai sani. Na ƙi. Wanda ya buɗe kabari a ɓoye, na san sunan da kotu take kiransa da shi. Ba hanya sai ta Liman. Ke nan in tsaya a gaban jama'a in ce na yi ƙarya, na sa su yin kabbara huɗu a kan dabba, na kwantar da ita tsakanin iyayensu. Ba ni da gona mai yawa, ba ni da ɗa namiji a garin nan. Abin da nake da shi kawai, in na ce abu ya faru, ana yarda.

Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Amma ran Juma'a zan faɗa. Ki yi mini addu'a kada bakina ya sarƙe.

Naki,
Baba Halliru.


Kafin Dafga, Karaye,
14 ga Satumba, 1989.

Zuwa ga 'yata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki. Ni na ɗan kwanta, amma na tashi.

Kayanki sun fito.

Na faɗa a masallacinmu bayan la'asar, ina tsaye a kan sanda. Sai Ilu mahauci, wanda ya tsaya a sahun gaba ranar jana'izar, ya ce shi ma ya rantse yaro ne, kuma shekara ashirin yana fasa ƙashi. Wani ya fashe da dariya, wani ya zage shi. Sulle, wani ɗan unguwarmu, ya ce kabarin yana jikin na mahaifinsa, mahaifin nasa ba zai ƙara kwana da wannan abu ba. Liman bai dube ni ba. Ya ce a tono gobe da hantsi, a gaban kowa, ya ɗauki takalminsa ya fita.

Haka aka yi. Likkafanin ya jiƙe ya yage, ƙananan suka watse cikin ƙasa. Kin ce na wuyan hannu takwas-takwas ne. Goma sha uku muka samu. Na sa aka kwaso ƙasar ramin a buhu, na zauna a zaure kwana biyu ina tankaɗe ta da rariya, har ukun suka cika. Na goge jar ƙasar da tsumma a hankali, lambobinki suna nan. Na roban ba abin da ya same su.

Goggo Tani ta yi fushi, don gumbar sadakar uku da ta daka wa biri. Kwana uku ba ta aiko tuwo ba, yanzu ta huce. A kasuwa kuwa an sa mini suna, Kawun Biri. Wannan bai dame ni ba. Ran Asabar aka ɗaura auren 'yar Sulle, ina zaune a zaurena ina jin fatiha. Shekara talatin ba a ɗaura aure a unguwar nan ba tare da ni ne shaida ba.

Jiya Liman ya zo, bayan kwana goma sha biyu ba ya amsa mini gaisuwa. Ya ce in nuna masa hannun. Na jera ƙasusuwan a kan tabarma kamar yadda kika zana a takardarki. Ya ɗora tafinsa a gefe, yana duban wannan yana duban wancan, ya daɗe. Ya ce shekara arba'in yana wanke gawa, kuma ko gobe aka kawo masa wannan zai sake yi masa salla, abin da ya hana shi barci ke nan, ba ƙaryata ba. Da zai tashi ya ce ranar da na mutu sai ya duba wuyan hannuna da kyau kafin ya kabbarta.

An yi wa kayan sabon akwati na ƙarfe. Ba zan ba direba ba, ki zo da kanki ki ɗauka. Liman ya ce ranar da kika iso a aika masa, yana da tambayoyi, kuma ya ce kada ki rage masa komai don tsufansa. Ni ma haka.

Allah ya kawo ki lafiya, ya yi miki albarka.
Mahaifinki,
Halliru Magatakarda.