Nasiru da ɓerayensa na Brazil

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya jikin Inna, ya Malam da yara? Mu nan Al Qusais sai godiya.

Yaya, ɗanki Nasiru ya ajiye aikin da na samo masa a kamfanin jigilar kaya, wai kiwo zai yi. Ya kwaso mana wasu dabbobi biyu masu kama da ɓera, da gajeriyar wutsiya. Wai sunansu ofosam, 'yan Brazil ne. Gyare da ayaba yake saya musu, ya kuma hana mu kunna AC don kada sanyi ya kama su. A Dubai fa!

Mai shagon da ya sayar masa da su ya gargaɗe shi cewa ba a haɗa su keji ɗaya, kowanne shi kaɗai yake zama. Na tuna masa, ya ce, "Kawu, me ya sani? Haihuwa za su yi." Muna dawowa daga masallacin Juma'a muka tarar macen ta kashe namijin. Ƙato da gemu ya zauna yana kuka.

Ga shi bizarsa ta zama a ƙasar tana hannun kamfanin da ya bari. Abokan ɗakinmu sun ce ko ya fitar da abar, ko ya fita. Ya ce tare za su fita.

Ki kira shi, ni kam na gaji. Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna da kowa.

Ƙanenki,
Sani