Haƙorin Makkana

Lahadi, 3 ga Yuni, 1979

Kwana huɗu ke nan haƙorin Makkana na zogi. Matata Nagode ta ce in tahi asibiti, na ce ta ji da tukunyarta. Ruwan wanga sabon matsugunni da suka jibge mu ne, na sani. Shekara arba'in da bakwai ina shan ruwan gulbi a Maradun, bakina bai taɓa ciwo ba. Sun toshe gulbi, dam ya cinye mini fadama, yanzu kuma ya biyo ni har cikin baki. Tir!

Da albasar fadamar nan na sauke farali shekara huɗu da suka wuce. Gonar ta nutse, rumbu ya nutse, mangwaron da babana ya dasa ko kansa ba a gani. Abin da ya rage mini daga cikinta duka shi ne wanga haƙori na zinariya. In na buɗe baki a kasuwa, ko baƙo ya san da wa yake magana.

Talata, 5 ga Yuni

Na shiga kasuwar Mafara. Ƙanena Ɗanlami ya ga ina dafe da kunci, ya ja ni wajen Malam Thomas disfensa kamar an kama ɓarawon akuya.

Mutumin ya danna dasashina da auduga, sai ga mugunya. Wai ba ruwa ba ne. Wai wanda ya sa mini zinariyar sai da ya kankare haƙori mai lafiya kafin ya kifa masa ita, abinci na shiga ta gefen yana ruɓewa. Ya tambaye ni yaushe rabon da in kai asuwaki wannan ɓangaren. Haba! Wa zai dirje zinariya da icce? Lallaɓa shi nake da gefen rawani, ya yi ƙyalli.

Sai munafukin Ɗanlami ya ce, "Likita, tambai shi shayi. Sukari ƙwaya shida shika zubawa, sau ukku a wuni, teburin Gajere."

To mi zan yi? Sun raba ni da gona, in zauna in kalli bango?

Thomas ya ce haƙorin ya mutu, sai an cire shi a Gusau. Sauran kuma in ina son su, asuwaki ko buroshi safe da yamma har gindin dasashi, kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a rage sukari, a daina barin goro a kunci. Na ce masa shi da bai san hanyar Makka ba, ba shi zai cire mini shaidata ba. Bai ji haushi ba, wannan ya fi ba ni haushi.

Laraba, 6 ga Yuni

Na danna kanumfari a haƙorin. Zogin ya lafa daga azahar zuwa la'asar, ya dawo.

Asabar, 16 ga Yuni

Na tahi Bakura wurin Audu wanzami, wanda aka ce yana fitar da tsutsar haƙori. Ya zuba 'ya'yan gautan kura a garwashi, ya lulluɓe ni da bargo, na buɗe baki hayaƙi na shiga har na ga duhu. Da ya yaye bargon ya nuna mini wasu 'yan farare a ƙwaryar ruwa, ya ce tsutsotsin ke nan, goma sha ɗaya.

Na dawo ina ta shi masa albarka. Ko Damri ban kai ba zogin ya taso. Da na ba Nagode labari ta ce, "Alhaji, ai ko bakin rijiya ka kara ma hayaƙin nan, hakanan za su hito. Cikin 'ya'yan iccen suke."

Ta sani, amma ta bar ni na tahi!

Jumma'a, 22 ga Yuni

Kunci ya kumbura, ido ya kusa rufewa. Ban je masallaci ba. Kunu kawai ke wucewa, shi ma ta gefe guda. Ɗanlami ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, hajjinka na wurin Allah, ba ya cikin bakinka." Na jefe shi da takalmi, ban same shi ba.

Litinin, 2 ga Yuli

Gusau. Sai da na yi mako ina shan ƙwayoyin Thomas kumburin ya saɓe, kana suka yarda su taɓa ni. An yi allura, an cire.

Likitan ya ajiye mini shi a faranti. Ban so in duba ba, na duba. Zinariyar ashe ɓawo ce kawai, ba ta fi ɓawon albasa kauri ba, har ta huje ta baya. Abin da ke ciki baƙi ƙirin, ga wari. Shekara huɗu ina yawo da wannan a bakina ina washe shi ga mutane.

Ya ce na kusa da shi ma ya fara girgiɗi, amma in na kula zai tsaya. Na ƙulle ɓawon a ƙyalle na sa aljihu. Na hau mota zuwa Mafara. Wallahi ranar da ruwa ya rufe fadamata ban yi hawaye ba, yau na yi.

Alhamis, 12 ga Yuli

Nagode ta aika an sayo buroshi da man goge baki. Na ce ni ba ɗan makaranta ba ne. A bayan ɗaki nake yi, inda ba mai gani. Kwanakin farko jini, yanzu ya ragu. Gajere ya tambayi dalilin da na koma ƙwaya biyu, na ce sukarin bana ya cika zaƙi.

Har yanzu Alhaji suke ce mini. Ina lura, ko mutum ɗaya bai fasa ba.

Lahadi, 30 ga Satumba

Na ci gasasshiyar masara da hantsi, guda biyu, ta kowane gefe. Haƙorin da ke girgiɗi ya tsaya. Na wuce ta gaban ɗakin shan magani ran kasuwa, Thomas ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Gaisuwa ce kawai, kada ya ɗauka wani abu ne. Ni dai har gobe ban yafe wa masu dam ba.

Ɗanlami ya samu kujerar Makka, jibi za su tashi. Ya zo sallama da la'asar, muka gaisa, na yi masa addu'a. Da zai fita ya juyo yana sosa ƙeya. Wai abokan tafiyarsa duk za su sa haƙorin Makka, shi kaɗai zai dawo baki fari? Wai guda ɗaya tak, kuma shi zai kula da nasa.

"Yaya, wane lungu na shagon mutumin da yas sa maka naka?"

Na dubi haƙoransa, talatin da biyu reras, irin na babanmu. Na ce masa na manta.

Ban manta ba. Ko matakalar shagon zan iya ƙirga masa.