Ƙanshin Tazargade

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Wata huɗu ke nan a Waca. Idon Inna ya tafi gaba ɗaya, 'yar'uwata Barakatu tana ɗakin mijinta a Guci, saura ni. Shekara tara ina haɗa wa baƙi giya a otel a Yamai, yau ga ni ina dama kunu. Inna ta ɗauka abinci nake kai wa mutane. Ban taɓa gyara mata zancen ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Maigidana na otel ya kira. "Illo, ka zo kafin ƙarshen wata, in ba haka ba in ba wani gurbinka." Na ce to. To ɗin me? Wa zan bar wa Inna?

Asabar, 12 ga Oktoba

Na fiddo kwalabe biyun da na ɓoye a ƙasan jaka, vermut da wiski. Ni ban taɓa kai giya bakina ba, Allah ne shaida, da hanci nake aiki. So nake in ga ko hannuna bai manta ba. Na sa ɗan kabu-kabu ya kawo mini ƙanƙara daga Magarya, rabi ya narke a hanya.

Da hantsi na zauna bayan rumbu. Vermut awo biyu, wiski awo ɗaya, wannan haɗin nawa ne, sauran ma'aikata wiskin suke rinjayarwa. Ƙanƙara, dogon cokali, juyi talatin a hankali, ba a girgizawa. Na murza ɓawon lemo a bakin kofi. Ya fito ja kamar shayin farko. Sai da na ji ƙwalla, abin kunya.

Ban ji tahowar Inna ba. Tana dafe da bango.

"Ɗan Yamai, tazargade nake ji. Magani ka haɗa? Miƙo, cikin nan ya hana ni sakat."

Gaskiyarta, akwai ɗacin irin ganyen a vermut. Na ce bai jiƙu ba tukuna. Tana juya baya na tuttular da shi a gindin darni.

Talata, 15 ga Oktoba

Sau uku ta tambayi maganin yau. In na ba ta, na shayar da uwata giya. In na faɗi gaskiya, shekara tara tana cin kuɗin me? Gidan nan ya yi mini ƙunci.

Laraba, 16 ga Oktoba

Kasuwa. Zoɓo, tazargade, kanumfari, tsamiya kaɗan. Zoɓo awo biyu, jiƙon ɗaci awo ɗaya, juyi talatin. Ta kurɓa, ta shanye.

"Ba na ranar nan ba ne."

Na ce wannan ya fi shi.

"Na sani. Ido na rasa, ba hanci ba. Kowane zuwa da ka yi da salla ina jin wancan a rigarka." Ta miƙo kofin. "Gobe ka rage tsamiya."

Ashe gwada ni take.

Jumma'a, 1 ga Nuwamba

Kwalaben na cikin masai tun wancan mako. Cokalin na riƙe. Maƙwabta biyu sun aiko a sam musu maganin Inna, na ce su zo da kofinsu.

Sai yanzu da na rubuta kwanan wata na lura Oktoba ta ƙare jiya. Ban kira maigidan ba. Tsamiyar dai ta yi daidai yau.