Ruwa a Goshin Ogechi

Fagge, Kano
3 ga Afrilu

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Ya Jawahir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara, da duk mutanen Maiduguri. Yaya ƙafar Inna? Na ji labarin tana ɓoye maganin asibiti a ƙarƙashin katifa, Allah ya shirya mana tsohuwar nan. Mu nan lafiya lau, sai zafin Kano da ya hana mutane kunna turaren wuta, ciniki ya ja baya.

Na cusa wasiƙar nan cikin atamfofin da kika ce in saya miki a kasuwar Kwari, don maganar ba ta waya ba ce. Kin san gidanmu, in ka yi tari a ɗaka sai an yi maka sannu daga tsakar gida.

Kin tuna Nneka, maƙwabciyar rumfata a Kasuwar Sabon Gari, wadda kika ce Hausa a bakinta kamar jakin Kano? Shekara tara da aure tana sayar wa matan mutane kayan jarirai, ita nata bayan babu goyo. To, watan jiya Allah ya ba ta 'ya mace, an sa mata Ogechi. Sai dai bakwaini ce, kuma likita ya ce akwai matsala a zuciyarta. In kin ɗauke ta kamar kin ɗauki ɗankwali.

Maimakon gidan ya haɗa kai, rigima ce ta tashi a kan baftisma. Mahaifiyar Nneka, Mama Veronica, 'yar Katolika ce ta ainihi. Su a wurinsu tun yaro yana jariri ake kai shi coci, Fada, wato limaminsu, ya zuba masa ruwa a goshi sau uku, wai shi ke wanke masa zunubin da aka gado daga Adamu, ya shigar da shi cikin jama'arsu. Shi kuwa mijin Nneka, Victor, cocinsu ba sa yi wa yaro sai ya yi hankali ya faɗi da bakinsa cewa ya ba da gaskiya. Sannan fasto ya nutsar da shi gaba ɗaya cikin ruwa ya tsamo shi, alamar an binne tsohon mutum, sabo ya tashi. Victor ya ce zuba wa jariri ruwa wanka ne kawai. Ita kanta Nneka sau biyu aka yi mata. Da ta yi aure mutanen mijin suka ce ta jarirantaka ba ta ƙirgu ba, aka sake nutsar da ita. Wata uku Mama Veronica ba ta yi mata magana ba, don a wurinta baftisma ɗaya ce, ba a maimaitawa.

Ni da nake zaton Kirista duk tafiyarsu ɗaya! Na ce mata ashe su ma suna da nasu ƙabalu da sadalu. Ta yi dariya, dariyar ta zarce ta koma kuka. Ta ce a baki tana bin mijinta, amma in ta kalli ƙirjin yarinyar yana sama yana ƙasa, sai irin tsoron da uwarta ke ji ya kama ta, kada yarinyar ta tafi ba a yi mata ba. Victor ya kafe sai Ogechi ta girma ta zaɓa da kanta. Ba mugu ba ne, Ya Jawahir. Ina ganin ya riƙe kalmar girman nan ne don ba zai iya yarda cewa ba za ta girma ba.

Tausayinta ya hana ni sukuni. Ki sa su a addu'a, ki gaishe min da Inna da kyau.

Taki ƙanwa,
Gumsu

Fagge, Kano
20 ga Afrilu

Ya Jawahir,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, ina fatan jikin Inna da sauƙi.

Ogechi ta rasu ranar Talata bayan azahar, a gabana.

An kwantar da ita a wani asibitin kuɗi nan Sabon Gari. Ranar na rufe rumfa na je dubiya. Victor ya tafi Legas sarin kaya, Mama Veronica ta koma gida girki. Likita ya rubuta wata allura da babu ita a wurinsu, sai Nneka ta ce in zauna mata da yarinyar, yanzu za ta dawo. Ta hau adaidaita sahu ta tafi.

Ba a yi rabin awa ba leɓen yarinyar ya sauya. Nas biyu suka rufu a kanta. Na kira Nneka, ashe cunkoso ya riƙe su a shataletalen Bata, ba gaba ba baya. Da ta ji muryata ta gane. Ba ta tambaye ni abin da likita ya ce ba. Cewa ta yi tun suna yara aka koya musu, in mutuwa ta zo babu Fada a kusa, kowa zai iya yin baftisma, ko da ba Kirista ba ne, muddin ya yi da nufin abin da coci ke nufi. In sami ruwa kawai, in zuba a goshinta sau uku, in kira sunanta, in ce ina yi mata baftisma cikin sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Sau uku ta maimaita min kalmomin don kada in kuskure. Ta haɗa ni da Allah, ta haɗa ni da zaman shekara goma sha ɗaya da muka yi. Ta ce za ta sauka ta taho da ƙafa, ta kashe wayar.

Akwai ruwan leda a jakata. Na fasa shi da haƙori, na tsaya a kan gadon. Wallahi na buɗe baki. Amma harshen da tun yana shekara huɗu yake karanta Ƙulhuwallahu, yake cewa bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, ta yaya zai juya ya kira Ɗa? Na ji kamar Baba, Allah ya jiƙansa, yana tsaye a bayana da allona.

Sai na roƙi ɗaya nas ɗin, na ga gicciye a wuyanta. Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana fama da robar iska. Ta ce su a cocinsu ba a yi wa jarirai, ba za ta yi abin da ba ta gaskata ba, yarinya kuma tana hannun Ubangiji. Ta ce akwai mai shara 'yar Katolika, in nemo ta. Na zaga asibitin nan kaf kamar mahaukaciya, aka ce ta fita cin abinci.

Na dawo na tarar numfashin yana ƙarewa. Goshinta zafi rau. Na zuba ruwan a tafina na shafa mata, na yi bismillah, kamar yadda zan yi wa 'yata Ni'ima in zazzaɓi ya kama ta. Iyakar abin da na yi ke nan.

Nneka ta shigo ba takalmi, allurar a hannunta. An riga an ja mayafi. Ta yaye, ta taɓa gashin, ta ji shi a jiƙe, ta ga ledar ruwa a hannuna. Sai ta zube ta kama ƙafafuna tana godiya, tana kuka, tana cewa na buɗe wa 'yarta ƙofa. Ban ce mata na yi ba, ban kuma ce ban yi ba. Na sunkuya na ɗago ta, shi ke nan.

Yau kwana biyar ke nan. Kada ki gaya wa Inna.

Taki,
Gumsu

Fagge, Kano
8 ga Mayu

Zuwa ga Ya Jawahir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji da yara, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Na ga kiranki har sau huɗu ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne, na san in na ji muryarki kuka zan yi, gidan kuma ya cika da tambaya.

Shirun da na yi ya haifi 'ya'ya. Mama Veronica ta zo har rumfata da turmin atamfa, tana kirana uwar Ogechi ta baftisma a gaban mutane. Wasilat mai sayar da robobi ta ja ni gefe ta tambaye ni wai da gaske ne na yi wankan Kirista. Victor da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya dai daina cin abincin Nneka, ya ce an jira ya ba da baya aka yi masa abin da ya hana. Ita kuwa duk ta shanye, har ta soma barci, tana cewa ko me zai faru ya faru, tunda 'yarta ta samu. Na gaya wa Baban Ni'ima gaskiya. Ya ce ƙin faɗin kalmomin da na yi daidai ne, shirun kuma ƙarya ce ko ban furta ba. Ya faɗi gaskiya, amma ba ƙafarsa aka kama ba.

Ashe a wurin Katolika ko baftismar gaggawa sai an shigar da ita littafin coci. Fada ya aiko yana son jin yadda aka yi daga bakin wadda ta yi. Shekaranjiya muka je ofishinsa, ni da Nneka da mahaifiyarta. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ba ni kujera, ya yi min godiya, ya buɗe littafin, har ya rubuta kwanan wata. Sai ya ce in faɗa masa kalmomin da na furta lokacin da na zuba ruwan.

Ina iya cewa na faɗi yadda aka koya min, magana ta mutu. Amma wannan karon da bakina zan yi ƙaryar, a rubuta ta, a sa sunana a ƙasa. Na faɗi gaskiya tun daga farko har ƙarshe, idona a kan tabarmar ƙofa.

Ya rufe littafin a hankali. Ya ce ba za a rubuta ba, amma kada a ɗora min laifi, ba a tilasta wa mutum faɗin abin da zuciyarsa ta ƙi. Ya ce wa Nneka rahamar Allah ba a ɗaure take da ruwa ba, kuma coci tana miƙa irin waɗannan yara ga jinƙansa da kyakkyawan zato. Ni ma na ce mata a wurinmu yaron da ya mutu bai san komai ba yana Aljanna a hannun Annabi Ibrahim. Victor ma abin da yake faɗa ke nan tun farko. Ki duba, Ya Jawahir, Fada da mijinta da ni duk bakinmu ya zo ɗaya cewa yarinyar tana wuri mai kyau, amma uwar ba ta jin ko ɗayanmu. Ita abu ɗaya ta roƙa a duniya, kuma ni ta roƙa.

Mama Veronica ta fita ba sallama. Nneka ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. A bakin ƙofar coci ta tsaya ta yi min tambaya ɗaya, wai bayan ta kashe waya, minti nawa Ogechi ta yi tana numfashi. Na ce ban sani ba. Ta ce in yi tunani in tuna, za ta biyo ta rumfa ranar Asabar kafin motarsu ta tashi. Garinsu za ta koma da mahaifiyarta, ta riga ta kwashe kayan rumfar. Victor bai hana ta ba.

Na sani, Ya Jawahir. Wayata ta nuna kiran ya ƙare ƙarfe biyu da minti goma sha biyu, nas kuma ta rubuta lokacin rasuwa biyu da talatin da ɗaya. Minti goma sha tara. Kalmomin ba su kai numfashi biyu ba. Abin da ke cin raina, ko yau aka mai da ni bakin gadon nan da ruwan a hannuna, ba zan iya faɗin su ba. Ban yi nadamar addinina ba, kuma ban san inda zan kai wannan baƙin cikin ba.

Wasiƙar nan ba za ta iso ki kafin Asabar ba, don haka ba shawara nake nema ba. Zan buɗe rumfa da wuri in zauna in jira ta.

Ki gaida Inna, ki ce ta sa ni a addu'a, ba sai kin faɗa mata dalili ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Gumsu