Fadata Ta Tafi Jana'iza

Kumasi, Laraba.

Yaya Sahura,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Inna, tana shan maganin kuwa?

Ni lafiya lau, sai ɓacin rai. Wata biyu ni da ɗalibaina muna gina fadar katako don wasan waƙa na makaranta. Jiya na tarar da dandalin wayam. Shugabanmu, Mista Ampofo, ya kwashe katakon zai yi rumfar jana'izar surukarsa. Duk karatuna ban ga inda aka rushe fada saboda suruka ba.

Na ce, "Ranar Asabar ne fa wasanmu."

Ya ce, "Madam, a garin nan Asabar ta matattu ce. Wa zai zo kallo?"

Na ce, "Gawar da ta yi wata huɗu a firjin asibiti, mako ɗaya ne zai gagare ta?"

Yanzu ba ya amsa gaisuwata, kuma shi zai sa hannu a takardar aikina ta baɗi. Kada Inna ta ji.

Na sayi baƙin zane na makoki. Asabar zan zauna a inuwar fadata in yi masa ta'aziyya. Ki roƙa min Allah ya riƙe bakina.

Ƙanwarki,
Tasalla